Maganar Da Sai Abokin Wasa

A Korgom kowace cuta da sunanta, kuma da yadda ake gaida mai ita. Wanda masassara ta kayar a ce masa sannu, ya jiki. Mai hawan jini yakan faɗi lambarsa a majalisa kamar mai faɗin kuɗin tiyar gero. Mai ciwon suga shi da kansa zai ture kofin shayi ya ce majo ya hana. Ko gwaiwa da ake yi wa dariya ana faɗinta, har a san wanda ya tafi Galmi aka yi masa aiki ya dawo. Cuta guda na sani da dattijo zai yi shekara biyar yana fama da ita, matarsa ta sani, ƴaƴansa su lura, maƙwabci ya riƙa jin ƙarar ƙyauren langa-langa sau biyar kafin asuba, amma ba mai buɗe baki. In an matsa a ce tsufa ne. In an ƙara matsawa a ce sanyi ne ya shige shi.

Wurin da ke ciwon likitoci suna kiransa furostat. Ban taɓa jin wani tsoho a garinmu ya kira shi da sunan Hausa ba. A rediyo wani lokaci ka ji an ce ciwon mafitsara, alhali mafitsara daban, wannan daban. Wata ƴar tsoka ce, girmanta kamar ƙaramin goro, tana zaune a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Mace ba ta da ita. Aikinta samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Da namiji ya wuce arba'in sai ta fara ƙara girma a hankali, kuma tunda hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi, in ta kumbura sai ta matse hanyar, kamar an taka tiyo. Daga nan mutum ya fara tashi dare, in ya tsuguna sai ya jira, in ya fito ya fito siriri yana yankewa, in ya miƙe ya ji kamar da saura, ya ɗaura wando kuma ya ji ɗigo. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, waɗanda suka kai 80 kuwa mafi yawansu. Galibi kumburin tsufa ne kawai, ba daji ba. Amma a wannan wurin dai ciwon daji kan tsiro, kuma shi nasa farkon shiru ne, ba ya ba da alama.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa aka ware wannan ciwo ba a faɗinsa. Na farko dai wurin da yake. Na biyu kalmar sanyi. A bakin mutanenmu ciwon sanyi yana nufin abubuwa da yawa, har da cutar da ake ɗaukowa wurin neman mata. Dattijo mai gemu, mai surukai, wanda ake kawo wa ƙarar aure ya sasanta, ya ce fitsari na yi masa wuya? Gani yake za a ce ga abin da ya shuka da ƙuruciya ya fito. Na uku tsarki. Mutumin da ya yi shekara arba'in a sahun farko, yau ga shi yana shakkar wandonsa bayan kowace alwala. Sai ya ja da baya a hankali, daga sahun farko zuwa na ƙarshe kusa da ƙofa, daga nan zuwa salla a ɗaki, mutane su ce ƙafa ce ta hana shi.

Akwai kuma na huɗu, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro. Ko dattijon ya so faɗi, wa zai faɗa wa? Waɗanda ke da kuɗin mota da ƙarfin ɗawainiya ƴaƴansa ne, su ne kuma mutanen da kunya ta fi yawa tsakaninsa da su. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan". Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Da aka yaye ni gidan kakana aka kai ni, can na tashi, a ɗakinsa nake kwana har na shiga jami'a a Maraɗi. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san bambancin gidajen nan biyu. Gaban uba kai a ƙasa, murya a ƙasa. Gaban kaka kuwa baki sake yake: shi abokin hamayyata ne, matarsa matata ce, kullum muna rigimar wanda ya fi iya cefane.

Ta wannan ƙofar maganar ta fito. Lokacin hunturu ne, ƙarshen 2022, na zo bakansi. Na tarar Tsoho ya daina shan fura da dare, ruwa ma daga la'asar ya rufe. Ya daina zuwa kasuwar Tasawa, shi da a da ba ta wuce shi. Daren farko na ƙirga tashinsa shida, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Da safe muna shan hantsi na ce:

"Tsoho, wai gadin gari aka ba ka ne ban sani ba? Ko zance kake zuwa da dare, ka bar mini matata ita kaɗai?"

Ya yi dariya har da tari. "Ja'iri. In na tahi zance ai kai ka huta." Sai ya yi shiru, yana wasa da butarsa. Can ya ce, "Hitsarin ne, maigidana. Shina zuwa kamar da gaske, in na tsuguna sai shi yi mini rowa."

"Tun yaushe?"

"Damana huɗu ke nan."

Damina huɗu, kuma ƴaƴansa maza uku suna gaishe shi kowace safiya, kowa ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Muka yi da shi ranar kasuwa za mu je likita. Ba a kai ranar ba. Mura ta kama shi, ya sha wasu ƙwayoyi da aka sayo wurin masu tallar magani a tire, daren nan hanyar ta rufe gaba ɗaya. Daga baya na ji daga bakin likita cewa wasu magungunan mura, da tiramol da manoma ke sha don gajiya, suna iya ƙarasa rufe hanyar da dama ta matse. Ban taɓa ganin namiji cikin irin wannan azaba ba. Mara ta kumbura kamar tulu, yana gumi cikin sanyi, yana dafa bango. A amalanke muka kai shi. Majo ya zura masa roba, abin da ya fito ya fi litar guda. Tsoho ya sauke numfashi, ya kalli rufi, ya ce, "Ashe hitsari ma arziki ne."

Daga nan aka ba mu takarda zuwa Tasawa, daga Tasawa zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100 da roba a jiki da leda a ɓoye cikin babbar riga. A can aka yi masa abubuwa huɗu: likita ya sa safar hannu ya taɓa wurin da yatsa ta dubura, aka ɗebi jini, aka yi eko, aka ɗauki hoton ƙashi. Awon jinin sunansa PSA. Wani sinadari ne da furostat ke fitarwa, kaɗan daga cikinsa yakan shiga jini. In lambar ta wuce 4 likitoci kan ce a ƙara bincike. Ta Tsoho ta haura 100. Aka tsinko ɗan naman wurin da allura aka kai bincike, ya tabbata daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashin baya da ƙugu. Ciwon bayan da ya yi shekara biyu yana ɗora wa hauya, ashe ba hauya ba ce.

Idan ciwon ya kai nan, ba a maganar cire shi, sai dai a rage masa gudu. Dajin furostat da sinadarin mazakuta yake ci. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, shi ya nuna haka a 1941, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan ake tafiya: ko a riƙa yin allurar da ke kashe sinadarin duk wata uku, ko a yi ƙaramin aiki a cire inda yake fitowa. Da aka yi wa Tsoho bayanin na biyun ya ce shi ba ɗan akuya ba ne. Aka zaɓi allura. Tumaki suka tafi, sannan bijimin amalanken da ya kai shi likita. Ya samu sauƙi na wani lokaci, ya koma masallaci, ya ga auren jikarsa. Shekara guda da wata biyar ya yi, ya rasu ana jiran ruwan shuka a 2024. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Tun ranar da sakamako ya fito likitan ya kira ni gefe, tunda ni ne mai karanta takardu. Ya ce, "Ƴaƴansa maza nawa ne? Shekarunsu fa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wanda ubansa ko ɗan uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyu. Ka gaya masu su zo a auna su tun suna jin kansu lafiya lau." Na ce to. Na fito da saƙo a hannu, wanda aka aike ni wurinsa kuwa mutum ne da ban taɓa haɗa ido da shi ba tsawon gaisuwa guda.

Ni noma nake karantawa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, amma muna fada ɗaya da wasu ƴan sashen likitanci, kuma shayi uku na isa a yi darasi. Abin da na tattara daga gare su da abin da na karanta ga shi a taƙaice, don wanda zai ɗauki ɗan littafin nan ya kai gida.

Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. Cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 maza kusan miliyan ɗaya da rabi aka gano da shi, kusan 400,000 suka mutu. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce masu kamuwa za su ninka, daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, saboda mutane na ƙara yawa kuma suna ƙara tsawon rai. Baƙar fata ya fi kowa haɗari: a Ingila lissafinsu shi ne namiji 1 cikin 8 zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe 1 cikin 4. Shi ya sa ake cewa sauran maza su fara maganar awo da likita a shekara 50, baƙar fata da mai tarihin ciwon a gida kuwa tun 45.

Awon PSA ba duba ba ne, ba ya yanke hukunci. Lambar kan hau saboda kumburin tsufa, ko ƙwayar cuta a hanyar fitsari, ko don an zura roba kwanan nan. Tana kuma iya zama ƙasa alhali akwai ciwo, shi ya sa ake haɗawa da yatsan likita, abin da maza suka fi gudu, wanda bai kai minti guda ba. Tun da aka amince da awon a Amurka, a 1986 don bin masu ciwon, a 1994 don duba masu lafiya, Turawa ke gardama a kansa. Wani babban bincike na ƙasashen Turai da aka fitar a 2009 ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma yana kuma tono ciwon da ke tafiya a hankali ƙwarai, wanda mai shi zai tsufa ya mutu da wani dalili daban bai ma san da shi ba. In aka yi wa irin wannan aiki, ana iya barinsa da ɗigon fitsari ko raunin mazakuta a banza. Don haka yanzu in ciwon mai sanyin tafiya ne, sau da yawa sa ido kawai ake yi, ana maimaita awo. Wannan damuwar waɗanda suke zuwa da wuri ce. Tamu damuwar ita ce mutum ba ya isa gaban likita sai a amalanke.

Wanda nasa kumburin tsufa ne kawai, shi ma zama bai kama shi ba. Fitsarin da ke kwana a mafitsara yana jawo ƙwayar cuta da tsakuwa, yunƙurin kullum yana fito da gwaiwa, in abin ya daɗe yana komawa sama ya taɓa ƙoda. Akwai ƙwayar da ke sassauta hanyar cikin kwanaki, akwai wadda ke rage girman wurin cikin watanni, akwai aiki in magani ya kasa. Jini a fitsarin dattijo kuma kada a ce tsargiya ce irin ta yaran da ke wanka a tabki, a kai shi a duba. Rufewar fitsari gaba ɗaya ba ta jiran safiya, ba ta jiran jiƙo.

Wani abu da na lura da shi a likitar garinmu: benci cike yake da mata da goyo. Tsakanin 2005 da 2007 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin aikin haihuwa, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da dajin da ke kama mata. Abu ne mai kyau, ya ceci rayuka. Mace tun cikin fari ta san ƙofar, ta san awo, tana da karne a ƙasan akwati. Namiji kuwa daga kaciya ba abin da ke sake kai shi hannun mai magani yana tsaye da ƙafafunsa. A ganinsa wurin nan na mata ne, zuwa likita ba tare da ciwo ba kuma neman magana ne. Sau nawa na ji an ce, "Ka je su tono maka abin da ke kwance"? A jihar Damagaram an fara makarantar magidanta wajen 2008, inda maza ke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma abin ya bazu har jiharmu. In maza sun iya zama a kan awon ciki, ina ga za su iya ware zama guda a kan nasu jikin.

Manya ma sun sha wannan kunya. Faransuwa Mitera, shugaban Faransa, an gano masa dajin furostat a 1981, shekarar da ya hau mulki, ya ɓoye har 1992, ya rasu a farkon 1996. Wasu kuwa faɗi suka yi. Desmond Tutu an gano nasa a 1997, ya rayu har 2021. Nelson Mandela an yi masa gashi a 2001, ya rasu a 2013 yana da shekara 95. Wole Soyinka na Najeriya ya tara ƴan jarida a 2014 ya ce ya yi ciwon ya warke. Sarki Charles na Ingila a farkon 2024 ya bari aka sanar da duniya cewa za a yi masa aikin kumburin furostat. Duk na san waɗannan sunaye, amma ba ɗaya da zan iya tsugunawa gaban mahaifina in kawo. Ilimin yana kaina, bakin ne ba nawa ba.

Bayan an share makoki na je wurin matata, wato kakata. Na ce, "Amarya, tunda abokin hamayyata ya bar mini fili, akwai saƙon da likita ya ba ni, ya fi ƙarfin bakina." Na kwashe duka na faɗa mata. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Ni ma ban iyawa. Ubanka ɗan farina ne, ko sunanshi ban faɗi. Amma akwai mai iyawa. Aika a kira mini ɗan banzan nan na Mayahi."

Wanda take nufi taubashin babana ne, ɗan ƙanwar Tsoho, muna ce masa Kawu. Fataucin jajayen awaki yake yi a kasuwannin ƙasar Mayahi. Shi da Baba tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Kowace shekara a watan cika-ciki sai sun yi rigimar kuɗin shara, kowa na cewa ɗan uwansa ne bawa. Irin wasan nan ne da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. A makaranta an koya mana cewa amfaninsa kashe rigima. Ban san yana kai saƙon likita ba sai a zauren gidanmu.

Ina daga waje ina hura gawayin shayi na ji shigarsa. Ko zama bai yi ba ya ce:

"Kai bawa, an ce mini ka tsufa, ka gaji tsohonka har da gadin dare. Tashi in kai ka Maraɗi a duba mini kai, kar dukiyata ta lalace ina kallo."

Baba ya ce, "Wa ya hwaɗa maka? Ni lahiyata lau. In tsohi ake dubawa ai da kai za a fara, ka girme ni da kaka biyar."

"Ni ko tashi dare ban yi. Kwana nake kamar jariri."

"To ni ban zuwa sai in tare za a yi mamu. Abin da aka yi mini a yi maka, har da yatsan."

Zaure ya kwashe da dariya. A cikin dariyar nan aka faɗi duk abin da aka yi shekara huɗu ba a faɗa ba: sunan ciwon, yadda Tsoho ya sha wuya, abin da likita ya ce game da ƴaƴansa. Ƙannen Baba biyu suna zaune suna ji. Ba wanda ya sunkuyar da kai, don wasa ake yi.

Bayan an ɗaure dammuna an sayar da wake suka tafi, a watan Nuwamba. Kuɗin awon kowannensu bai kai na akuya guda ba. Baba, mai shekara 56, lambarsa ba ta kai 2 ba. Likita ya ce wurin ya ɗan girma irin na shekaru, ya koma a sake dubawa nan gaba. Kawu, mai 61, mai kwana kamar jariri, wanda rakiya ta kai shi, tasa ta fito 11. Aka ce ya dawo bayan ƴan makonni a maimaita. Ba ta sauka ba. Aka tsinko nama, ya tabbata daji ne, amma yana nan cikin furostat bai fita ba, kuma irin wanda ba a bari a zuba masa ido ne. Aka tura shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa ta fara yin gashi a 2021. Kafin wannan shekarar mai neman gashi sai ya tsallaka iyaka. Likitocin sun gaya masa cewa a matakin da aka kama nasa ana sa ran warkewa.

Ƴan uwana ɗalibai, mu ne masu karanta takardar magani a gidajenmu, mu ake miƙa wa sakamako a ce "duba mana mi aka rubuta". Da yawanmu mun san abin da ya kamata iyayenmu su yi, kuma mun san ba za mu iya faɗa masu ba. Ni ban ce a zubar da kunya ba, ita ta raine mu. Amma waɗanda suka kafa kunyar sun bar mata ƙofofi: jika da kaka, taubashi da taubashi, aminin ƙuruciya da aka sha kaciya tare, wanzamin da ke yi wa mutum aski shekara talatin. In ka je bakansin nan, ka lura da butar dattijon gidanku da dare. Ka lura ko ya rage shan ruwa, ko ya bar tafiya mai nisa, ko ya koma sahun baya. Ko ba ka ga komai ba, in ya wuce 45, balle in ubansa ko wansa ya yi ciwon, ka tambayi kanka wa ke iya zaginsa ya yi dariya. Wurin wannan mutumin za ka kai saƙonka, ka yi masa bayani dalla-dalla, ka bar masa sauran. Ka kuma zaɓi lokaci: bayan kaka, da ɗan abu a hannu, kafin biki da suna su cinye.

Lokacin da nake rubuta wannan Kawu na Yamai, ya yi rabin kwanakin gashinsa. Ƙanen Baba guda ya je an auna shi, ɗayan har yanzu yana cewa sai ya sayar da riɗi. Baba ya sayar da ɗan maraƙin da yake turke ya aika da kuɗin, ya ce a gaya wa mai shi kuɗin shara ne na shekara goma, kar ya sake tambaya. Kowace magariba yakan ba ƙanena salula ya ce a kira masa bawan nan, a ji ko yana nan da rai. Daga can sai ka ji murya ta ce, "Ina nan, ban mutuwa sai na ga ka fara gadin dare."